Kujerar Babban Injiniya da Makamin da Ya Ƙi Fashewa



Yau sharhin namu zai yi nisa da gida. Za mu je wani gari na bakin teku a Amurka mai suna Newport, a jihar Rhode Island, inda rundunar sojan ruwan ƙasar take da cibiyarta ta bincike da ƙera makaman ƙarƙashin teku. Tushen wurin ya faro tun 1869, lokacin da aka kafa tashar makamin topido a wani ɗan tsibiri da ke bakin garin. A 1992 aka yi wa cibiyar tsarin da take kai yanzu, reshe ɗaya a Newport, ɗaya a Keyport ta jihar Washington. Dubban mutane ke aiki a cikinta, akasarinsu farar hula, injiniyoyi da masana kimiyya. Ragamar kowane reshe a hannun mutum biyu take. Akwai hafsan soja mai kaki, wanda ke yin 'yan shekaru a canja shi. Akwai kuma daraktan fasaha, farar hula, wanda galibi ya daɗe a harkar, ya taso tun daga ɗakin gwaji. Kujerar wannan na biyun, da ire-irenta a ƙasashen da ke ƙera irin waɗannan makamai, ita ce abin da nake son mu duba.

Na san wani zai ce, to Malam, mu da ko kogi sai damina muke gani, ina ruwanmu da yaƙin ƙarƙashin teku? Ku ɗan yi mini haƙuri. Labarin da zan ba ku na mutane ne da girman kai da tsimin kuɗin gwaji, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin maigidan da ba a faɗa masa gaskiya zai gane fuskokin da ke cikinsa.

Da farko dai, mene ne topido? Bam ne dogo, mai siffar tarwaɗa, da injinsa da farfelarsa, ana harba shi daga jirgin ruwa mai nitso ya yi ta gudu a cikin ruwa har ya isa jirgin abokan gaba. Wani injiniya Bature ɗan Ingila, Robert Whitehead, shi ya fara ƙera mai tafiya da kansa a 1866, a garin Fiume, wanda yau ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya. Wanda muke magana a kansa, Mark 14, an ƙera shi a Newport a shekarun 1930. Tsawonsa ya ɗan haura mita 6, nauyinsa kusan tan ɗaya da rabi, gudunsa ya kai kilomita 85 a awa. A bakinsa kuma aka sa masa abin da injiniyoyin suka fi alfahari da shi, wata na'urar ƙyasta bam mai suna Mark 6, wadda ke jin maganaɗisun ƙarfen jirgi. Dabarar ita ce makamin ya bi ta ƙarƙashin jirgin, ya fashe daidai saitin ƙashin bayansa, ruwan da fashewar ta tunkuɗo ya ɗaga jirgin ya karya shi gida biyu. A takarda, harbi ɗaya ya isa ya nutsar da ƙaton jirgin yaƙi.

Matsalar ta fara ne daga kuɗi. Kowane ɗaya ya kai dala 10,000, a zamanin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Saboda haka aka ga asara ce a fasa shi don gwaji kawai. Sai a cire bam ɗin, a sa kan gwaji mai ruwa a ciki, a harba, a tsamo shi a mayar rumbu. Na'urar maganaɗisun kuwa, a 1926 an gwada samfurinta na farko da bam na gaske sau biyu a kan wani tsohon jirgi mai nitso: na farko ya wuce bai fashe ba, na biyu ya fashe. Daga nan ba a ƙara irin wannan gwaji ba. An taɓa ba masu aikin wani tsohon jirgi su gwada a kansa, amma da sharaɗin kada su sa bam, kuma in ya nutse su za su biya kuɗin tsamo shi. Gwajin bai yiwu ba. Don tsabar sirri ma, littafin da ke bayanin yadda na'urar ke aiki kulle shi aka yi a akwatin ƙarfe, sojojin da za su yi yaƙi da ita da yawansu ba su taɓa ganinta ba sai dab da yaƙi.

Ku lura da wannan, domin shi ne gindin komai: tashar Newport ita ta zana makamin, ita ta ƙera shi, ita ta gwada shi, ita kuma ta ce ya yi. Ɗalibi ne ya shirya jarrabawa, ya rubuta, ya duba, ya ba kansa maki. 'Yan siyasar jihar kuma sun tsaya tsayin daka kada a buɗe wata masana'anta da za ta yi gogayya da ita, don kada ayyukan yi su bar mazaɓarsu.

Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, ranar wanka ta zo. Kafin watan ya ƙare, kwamandan jirgin Sargo, Tyrrell Jacobs, ya harba topido takwas kan jiragen Japan biyu, ko ɗaya bai yi komai ba. Ya matsa kusa, ya sake auna lissafinsa, ya sake harbawa, shiru. Rahotanni irin nasa suka yi ta zuwa daga tekun Fasifik. Amsar da hukumar makamai ta sojan ruwa ke bayarwa daga Washington, ƙarƙashin Adimiral William Blandy, iri ɗaya ce: makami lafiyarsa ƙalau, kwamandojin ne ba su iya saiti ba, ko kuwa yaransu ba sa kula da shi yadda ya kamata. Ka tuna kuma mutumin da ake faɗa wa haka, shi ne ya yi makonni a cikin gwangwanin ƙarfe da mutum sittin ko saba'in, ya lallaɓa har kusa da maƙiyi, ya harba, kumfar makamin ta nuna wa maƙiyin inda yake, aka yi ta yi masa ruwan bama-bamai. Ya dawo da ƙyar, aka ce masa laifinsa ne.

Wanda ya fara ɗaukar maganar da muhimmanci shi ne Charles Lockwood, da aka ba shi jagorancin jiragen nitso a yammacin Ostareliya a 1942. Gwajin da ya yi ko masuncin ƙauye zai iya tunaninsa. Ya sa aka samo taru na kamun kifi, aka shimfiɗa shi a tsaye cikin ruwa a wani lungun teku kusa da garin Albany. Ranar 20 ga Yuni jirgin Skipjack ya harba topido da aka saita ya bi zurfin ƙafa 10. Da aka jawo tarun, sai ga hujin a ƙafa 25. Aka maimaita, aka tarar a tsakaice makamin na nitsewa ƙafa 11 fiye da yadda aka umarce shi. Gani ya kori ji, ko ba haka ba? To, Newport ta ce gwajin ba na kimiyya ba ne. Sai da babban hafsan sojan ruwa, Adimiral Ernest King, ya sa baki, sannan suka yi nasu gwajin, a farkon Agusta suka amsa cewa lallai yana nitsewa da ƙafa 10. Dalilan kuwa masu ban haushi ne. Kan gwajin ya fi na bam ɗin gaske rashin nauyi. An kuma matsar da ƙofar da ke auna nauyin ruwa zuwa wajen wutsiya, inda gudun ruwa ke rage matsi, sai makamin ya ɗauka yana sama-sama ya ƙara yin ƙasa. Na'urar da ake duba zurfin da ita a wajen gwaji ita ma tana da irin wannan kuskure, don haka ƙarya ta yi ta gaskata ƙarya shekara da shekaru.

Aka gyara zurfi, aka ce to shi ke nan. Ashe wannan lahani ya rufe wani ne. Da makamin ya fara bi kusa da jirgi, sai na'urar maganaɗisu ta fara nuna halinta, ta riƙa fashewa tun bai isa ba. Ƙarfin maganaɗisun ƙasa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, abin da jirgi ke nunawa a tekun Newport daban yake da abin da yake nunawa kusa da tsakiyar duniya. Ga kuma wani ruɗani: kwamandan da ke leƙe ta madubi, in ya ga ruwa ya tashi sama tsakaninsa da jirgin maƙiyi, ɗauka yake ya samu. Sai ya kai rahoton nasara, jirgin kuwa ya isa tashar da za shi lafiya lau.

A nan ne labarin ya zo kan mutumin da ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni haushi, Ralph Christie. Gwani ne na gaske. Shi ya jagoranci aikin na'urar maganaɗisun a Newport tun yana matashin hafsa. A 1943 sai ga shi yana Adimiral, an ba shi jiragen nitso na Fremantle a Ostareliya, wato kujerar da Lockwood ya bari ya koma Pearl Harbor. Kun ga an kawo ƙarar ɗa gaban ubansa. Ranar 24 ga Yuni 1943 Adimiral Chester Nimitz ya ba da umarni jiragen da ke ƙarƙashinsa su kashe na'urar. Christie, da yake ba a ƙarƙashin Nimitz yake ba, ya ce nasa jiragen su ci gaba da amfani da ita, ya kuma nuna ba ya son jin ƙorafi a kanta. Wasu kwamandojinsa sai su bari su fita teku su kashe ta a ɓoye. Watanni aka yi a haka, sai da sabon maigidansa, Adimiral Thomas Kinkaid, ya umarce shi sannan ya haƙura. Ban ce Christie maƙaryaci ba ne. Ya yarda da abin da ya ƙera har zuciyarsa, kuma wannan yardar ce ta toshe masa kunne. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma a kunnen mai kaya sau da yawa haka yake sauka.

Saura lahani na uku. Ranar 24 ga Yuli 1943 jirgin Tinosa, ƙarƙashin Lawrence Daspit, ya ci karo da wani ƙaton jirgin Japan mai tan 19,000, Tonan Maru na 3, wanda a da ake sarrafa naman kifin whale a cikinsa aka mayar da shi na dakon mai. Harbin farko daga nesa, a karkace, ya tsayar da jirgin cak. Daspit ya zagayo ya tsaya daidai haƙarƙarinsa, yadi 875 tsakani, irin tsayuwar da ake koyarwa a makaranta. Ya harba ɗaya, ya ga ya bugi jirgin, ruwa ya ɗan fantsama, babu fashewa. Ya sa aka duba na gaba aka harba. Haka. Tara ya harba a jere, yana kallon kowanne ta madubi, duk suka bugi ƙarfe suka nutse. Ya rage masa guda ɗaya, sai ya ƙi harbawa, ya ce wannan gida za shi. Ya kai shi Pearl Harbor, masu duba makamai suka kwance shi, suka ce ba su ga wani aibu ba.

Lockwood bai yarda ba. Wani hafsa mai suna Charles Momsen ya ba da shawarar a je tsibirin Kahoolawe na Hawaii, inda dutse ya miƙe tsaye cikin ruwa kamar bango, a harba masa makamai masu bam na gaske. A ƙarshen Agusta aka harba uku. Biyu suka tashi, na uku ya ƙi. Mutane suka nutsa suka ɗauro shi da igiya, da kusan kilo 300 na albarushi a kansa wanda ba wanda ya san ko zai tashi a hannunsu. Da aka buɗe, sai aka ga 'yar ƙusar da ke bugun abin ƙyastu ta taso, amma ƙarfin karon ya lanƙwasa hanyarta, ta isa ba ƙarfi. Don a tabbatar, aka riƙa ɗaga kan makamin da injin ɗaga kaya zuwa ƙafa 90 ana sakinsa kan faifan ƙarfe. In ya faɗi a miƙe, bakwai cikin goma ba sa aiki. In ya faɗi a karkace, ya fi yin aiki. Wato gwargwadon iya saitin kwamanda, gwargwadon yadda makamin zai ba shi kunya. Maganin bai wuce a sauya ƙusar da mara nauyi ba, kuma a bitar Pearl Harbor aka yi shi. Wata 21 ke nan da fara yaƙi.

Jamus ma ta sha irin wannan a yaƙin Norway na 1940, zurfi da maganaɗisu da ƙyastu duka, sai dai ita cikin watanni ta kashe na'urar, ta kuma gurfanar da wasu manyan jami'an cibiyar gwajinta gaban kotun soja.

To, mu dawo kan kujerar. Wanda zai hau ta a Amurka yau dole ya zama ɗan ƙasa, a tantance shi a ba shi izinin ganin sirrin gwamnati, ya yi karatun injiniya ko kimiyya mai zurfi, ya kuma yi shekaru yana riƙe manyan ayyuka. Muƙamin na cikin rukunin manyan ma'aikatan gwamnatin tarayya da dokar 1978 ta kafa. A lokacin da ya iso nan, ya daina zane da hannunsa. Yaran da ke ƙarƙashinsa sun fi shi sanin sabuwar manhajar kwamfuta da lissafin yadda sauti ke tafiya cikin ruwa. Makamin ma ya sauya: Mark 48, wanda ya shiga aiki a 1972 aka kuma yi ta sabunta shi, yana jan siririyar waya a bayansa ana ba shi umarni daga jirgi, yana da kunnen kansa na neman abin hari, in ya kuskure ya juyo ya sake nema. Aikin babban injiniya ya koma rabon kuɗi, zaɓen mutane, ja-in-ja da kamfanonin kwangila, da sa hannu a takardar da ke cewa abu ya yi ko bai yi ba.

A ganina sa hannun nan shi ne aikin, sauran duk rakiya ne. Idan kasafi ya matse, abin da ake fara yanka shi ne gwaji, domin gwaji ba ya fitowa a hoto, ba a yanka masa kintinkiri. Amurka na da filin gwaji a cikin teku kusa da tsibirin Andros na Bahamas, an jera na'urorin sauraro a ƙasan ruwa suna bin sawun duk abin da aka harba, kuma lokaci-lokaci ana nutsar da tsohon jirgi da makami na gaske. Duk wannan kuɗi ne mai yawa, kuma kullum akwai mai cewa a yi a kwamfuta ya wadatar. Kwamfuta kuwa abin da ka gaya mata game da teku shi za ta mayar maka, kamar dai na'urar auna zurfin nan ta Newport.

Masu amfani da makami kuma ba sa manta wanda ya ci amanarsu. Ranar 2 ga Mayu 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jirgin nitso na Ingila mai suna Conqueror ya nutsar da jirgin Ajantina, General Belgrano, mutum 323 suka mutu. Kwamandan yana ɗauke da sabon topido mai waya, Tigerfish, amma ya ajiye shi ya ɗauki Mark 8, wanda aka zana tun shekarun 1920, domin shi ya amince da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi wannan nauyi, domin makamin da bai da lafiya masu shi yake fara ci. A 1944 jiragen Amurka biyu, Tullibee da Tang, topidon da suka harba da kansu ne ya yi da'ira ya dawo ya nutsar da su. A watan Yuni 1955 wani topido mai aiki da haidurojin feroksaid, sinadarin nan da ake wanke ciwo da tsinkakkensa amma mai kaurinsa wuta ne, ya fashe cikin jirgin Sidon na Ingila a tashar Portland, mutum 13 suka rasu, Ingila ta yi watsi da irin wannan makami. Rasha ta ci gaba da amfani da sinadarin. Ranar 12 ga Agusta 2000 ya tsiyaye daga wani topidon atisaye a cikin jirgin Kursk a tekun Barents, mutum 118 suka tafi. Shekara 45 ke tsakanin gargaɗin da aukuwar.

Idan ana neman wanda ya fahimci nauyin irin wannan kujera, sai a ambaci Hyman Rickover, uban jiragen nitso masu injin nukiliya, wanda Nautilus ɗinsa ya fara tafiya da wannan ƙarfi a Janairu 1955. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Duk hafsan da zai shiga shirinsa sai ya yi masa tambayoyi da kansa, har an san shi da kujerar da aka rage wa ƙafafun gaba don mai zama ya yi ta zamewa yana amsa tambaya. Ban ce a yi koyi da wannan ba. Amma yana da wata al'ada guda: kusan duk sabon jirgin da aka gama, ranar da za a fara nutsa shi, Rickover na ciki. In walda ta ɓalle, da shi za a tafi. Mutumin da ya san haka ba ya sa hannu da ka.

Wani mai sauraro zai ce, duk wannan ƙwarewa ce wajen kashe mutane, me ya sa za a yabe ta? Tambaya ce mai kyau, ni ma ba na jin daɗin cewa gyaran ƙusar nan ya sa dubban ma'aikatan jiragen Japan, waɗanda da yawansu ba sojoji ba ne, suka halaka. Jiragen nitso na Amurka su suka nutsar da fiye da rabin jiragen kasuwancin da Japan ta rasa a yaƙin, su ma suka rasa jirage 52. Duk injiniyan da zai shiga wannan sana'a ya kamata ya zauna da wannan lissafi tun kafin ya karɓi takardar kama aiki. Amma in ya riga ya karɓa, ya tura 'ya'yan mutane ƙarƙashin teku da abin da ya ƙera, to ba shi da hurumin ya ce bai gwada ba don tsada, ko ya ce wa wanda ya dawo da rahoto bai iya harbi ba.

Game da waɗanda suka riƙe kujerun a lokacin Mark 14 kuwa, ba a gurfanar da kowa gaban kotun soja ba. Christie ya yi ritaya a 1949 da muƙaminsa na Adimiral. Blandy shi aka ba jagorancin gwajin bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini a 1946, shekara ta zagayo aka naɗa shi kwamandan rundunar tekun Atlantika baki ɗaya.